Abin da Ya Fitar da Rabi daga Makaranta

Akwai wata magana da ta zauna a gidan nan har ta yi saiwa. Na sha jin ku kuna faɗa wa baƙi ita idan sun tambayi yadda aka yi a cikin 'ya'yan hedimasta bakwai, shida suka riƙe takarda, auta kaɗai ba ta gama firamare ba. Kukan ce tashin da muka yi daga ƙauye ne ya katse wa Rabi karatu. Amsa ce mai kyau, tana rufe baki, domin a ƙasar nan da zarar an ambaci 'yan bindiga ba mai ƙara tambaya. Ni na ƙirƙiro ta. Shekara goma sha uku ke nan ina jin ta daga bakinku, kamar yadda malami ke jin darasin da ya koyar an maido masa da shi ba gyara. Mutanen daji sun raba mu da gona da shanun noma biyu da barcin kirki, kuma akwai ranar da za mu tsaya da su gaban Allah. Amma ba su suka fitar da Rabi daga aji ba. Innarku, Allah ya jiƙanta, ita kaɗai ta san yadda aka yi, ta kuma tafi da abinta. Saura ni, ga shi likita ya fara yi mini magana da wani irin ladabi da ban yarda da shi ba.

Manyanku za su tuna karatun zaure, lokacin da nake riƙe da makarantar ƙauyenmu na wajen Badarawa. Kullum bayan la'asar sai ku jeru a tabarma, daga Bello har zuwa ƙarami, in fito da littafin nan mai jan bango wanda Innarku ta ɗinke bayansa da zaren buhu. Shafi ɗaya nake zaɓa. Bello ya karanta, ya miƙa wa mai bi masa, shi ma ya karanta wannan shafin, haka har a kai ƙarshen layi. Ina alfahari da tsarin nan ƙwarai, har na taɓa bayyana shi a taron malamai a Shinkafi aka tafa mini. Abin da ban lissafa ba, ni da nake koyar da lissafi, shi ne duk wanda ke ƙarshen layi ya riga ya ji shafin sau shida kafin littafin ya iso hannunsa. Rabi kuwa tun tana goye take jin sa. Da ta kai shekara biyar ta karɓi littafin, ta ɗora ɗan yatsanta a kan layi, ta zubo labarin manomin da ya sayar da rijiyarsa tun daga farko har ƙarshe, har da wurin da Bello kan yi tuntuɓe ya koma baya. Ko wannan bai sa na farga ba. Na ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Duk sufeton da ya zo duba makaranta, sai na kai shi zaure ya sha fura ya ji karatun Rabi.

A makaranta ma ba abin da zai tona. Yadda aka koyar da mu haka muka koyar: malami ya faɗa, aji ya amsa gaba ɗaya. Na yi shekara talatin ina auna makaranta da kunne, ajin da ya fi ƙara shi ya fi karatu. Yaron da bai san komai ba yana iya shekara shida a cikin wannan amshi, bakinsa na motsi tare da na kowa, ya fita bai san bambancin harafi da tafin kaza ba. Rabi ta fi kowa amshi, don sau ɗaya take jin abu ya zauna. Rubutunta kuma ya fi na malamanta kyau, saboda kwafe shi take yi daga allo kamar mai ɗinkin hula, zane bayan zane. In jarrabawa ta zo, malamai kan karanta tambayoyin da baki, abin da ya rage kuwa, wa zai kayar da 'yar hedimasta a makarantar ubanta?

A shekarar da nake ba ku labari, gero ya nuna ba mu kai ga yanka ba saƙo ya iso daga mutanen daji cewa a tashi. Babura biyu muka samu. Na ɗauki takardun shaidarku da fayil ɗina na aiki, Innarku ta ɗauki tukwane biyu da tabarmi, littafi mai jan bango ya kwana a tagar zaure, kuma ina jin gara ta daɗe da sauke shi. Daga Shinkafi muka shiga mota zuwa Ƙaura, gidan yayata, Gwaggonku Kulu. Ku manya duk kuna makarantun kwana ko wajen aiki. Ni aka ba ni kujera a ofishin ilimi, hedimasta ba makaranta, ina zuwa da safe in gaisa da mutane in karanta jaridar jiya. Rabi, tana da shekara goma sha ɗaya, na kai ta aji biyar a wata firamare da ke kusa da mu.

Mako biyu da shigarta malamar ajin ta aiko tana son ganina. Sunanta Malama Luba, yarinya ce da ba ta kai ɗiyata ta fari ba. Na tafi da babbar riga, ina tsammanin za a roƙe ni izinin sa Rabi a gasar karatu. Ta ba ni kujerarta, ita ta tsaya. Ta bayyana mini cewa ita duk yaron da aka kawo mata, takan kira shi shi kaɗai, ta ba shi 'yan layukan da ta rubuta da hannunta a safiyar, don ta san inda yake. Sannan ta sunkuyar da kai.

"Baba, Rabi ba ta karatu."

"Ba ta so, ko yau ne ba ta yi ba?"

"Ba ta iya ba. Haruffa tara ta gane, su ma sai in sun zo su kaɗai."

Na sanar da ita, cikin lafazi mai kyau, cewa lokacin da na fara riƙe alli ba a ko sayi ragon sunanta ba. Na ƙara da cewa yarinyar da take magana a kanta ta yi wa sufetoci huɗu karatu. Ba ta yi fushi ba, kuma wannan ya fi ba ni haushi. Ta ce in yi haƙuri, ba gardama take da ni ba, in je gida in gwada ta da abin da ba ta taɓa ji ba.

Da la'asar na kira Rabi tsakar gida. Gwaggo Kulu na gefe tana tsince wake. Ba littafi a gidan, sai na ɗauki yagaggiyar jaridar da aka ƙunso ƙosai a ciki, na shimfiɗa a gabanta, na ce ta karanta. Ta ɗora yatsa a kan layin farko. Ba takardar take kallo ba, bakina take kallo, tana jiran in fara ta kama. Ban fara ba. Can sai ta buɗe baki, yatsanta na tafiya a hankali a kan labarin farashin taki, ta ce wai akwai wani manomi da ke da rijiya a bakin gonarsa. Ta ci gaba, da muryar nan tata mai daɗi, tana tsayawa inda ake tsayawa. Na bar ta ta kai inda manomin ya karɓi kuɗin rijiya.

Ni mutum ne da aka sani da iya magana, kuma a ranar ma ban kasa ba.

"Ashe shekara goma sha ɗaya aku nake kiwo. Da na sani, da keji na saya miki, ba yunifom ba."

Gwaggo Kulu ta fara dariya, don maganar ta yi tsari, sai ta dubi fuskar yarinyar ta haɗiye sauran. Rabi ba ta yi kuka ba. Ta naɗe jaridar da kyau, ta miƙo mini da hannu biyu, ta shiga ɗaki. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Na koyar da karin maganar nan a aji huɗu ya fi sau ashirin, har ina ba da maki a kanta.

Washegari da safe na sami Innarku tana sheƙar gero, na fara ba ta labari kamar wanda ya gano ɓarawo. Ba ta ajiye faifan ba. Ta ce ta sani tun Rabi na aji biyu. Wai wata rana ta gan ta zaune a bayan rumbu tana karatu ba tuntuɓe, alhali jakin da ke hoton shafin ƙafafunsa na sama. Matar da ba ta taɓa zama a benci ba ta ga abin da hedimasta da sufetoci huɗu ba su gani ba, don ita yarinyar take kallo, mu kuwa sauraro muke. Na tambaye ta abin da ya hana ta gaya mini.

"Malam, kai ba a gaya maka. Kai ka gaya ma mutane."

Ta ce ta yi ta addu'a abin ya warware da kansa kafin in lura, kuma yarinyar ta roƙe ta kada ta faɗa, don Baba ba ya kallonta da fara'a sai lokacin karatu.

Malama Luba ta biyo ni har gida bayan kwana biyu, ta durƙusa ta gaida Gwaggo, ta kawo shawara. Tana da wani zama da take yi kowace safiya kafin a shiga aji, a gindin darbejiyar da ke bakin makaranta. Ba ta raba yara da shekaru ko da aji, da inda karatunsu ya tsaya take raba su. Akwai 'yan shekara shida, akwai 'ya'yan waɗanda aka taso daga ƙauyuka irinmu, akwai 'ya'yan Fulani biyu da Hausar ma ba ta gama zama bakinsu ba. Suna zana harafi a ƙasa da yatsa, su faɗi sautinsa, su share, su sake. Ta ce ta ga irin Rabi, kai lafiya lau, haruffa ne kawai ba sa tsaya musu, kuma in aka bi su a sannu, kaɗan kaɗan, ba tsawa, suna kamawa. Ba ta yi alkawarin za ta zama gwana ba. Ta ce dai za ta karanta.

Yanzu ga abin da nake so ku sani. Darbejiyar nan tana kallon titi. A ɗaya gefen titin akwai mai shayi, kuma a bencinsa tsofaffin malamai ke zama kowace safiya, mutanen da muka yi kwaleji tare, waɗanda na cika wa kunne da labarin 'yar da ta yi karatu tana shekara biyar. Na rasa gona, na rasa makaranta, ina kwana a ɗakin aro a gidan yayata. Abin da ya rage mini a duniya shi ne sunan nan na malamin da ba yaron da ya gagare shi. Na auna sunan da yarinyar a sikeli ɗaya. Ban ce na yi haka da sani ba, amma sakamakon awon a bayyane yake. Na gode wa Malama, na ce gidan da akwai malami ba a fita neman alli, ni zan koya mata da kaina.

Kwana arba'in na yi ina koya mata, da hanyar da ta lalata ta tun farko. In faɗa ta maimaita. Ta maimaita daidai, in nuna harafin a wani wuri, ta rasa. In ɗauko jan biro. Ban taɓa dukanta ba, kuma na daɗe ina ba kaina lada a kan haka, sai daga baya na gane cewa da a ce bulala na yi amfani da ita, da ta fi saurin warkewa. Sau ɗaya ta yi ƙoƙarin gaya mini yadda abin yake, ta ce in ta zuba wa haruffan ido sai su yi ta yawo kamar tururuwa. Na ce tururuwar ba ta yawo a idon 'yan'uwanta shida. Daga nan ba ta ƙara bayani ba. Da an kira la'asar sai ciwon ciki ya kama ta. Yarinyar da kan saurari labaran rediyo ta zo ta maimaita wa matan gida kaf, har da muryar mai karantawa, ta koma sai an tambaye ta sau biyu take amsa sau ɗaya.

Wata safiya ina zaune a bencin mai shayi, kofi a hannu, sai wani abokina ya miƙa baki wajen makaranta ya tambaya ko waccan doguwar da ke cikin 'yan ƙanana ba ɗiyar hedimasta ba ce. Ba da mugunta ya faɗa ba, idonsa ne ke da kyau. Na duba. Rabi ce, durƙushe a ƙasa, ta fi kowa tsawo, yatsanta cikin rairayi. Ashe ita ta roƙi Malama, take sammako tana zuwa ba da sanina ba. Ina kallo ta ɗago kai ta ce wani abu, Malama ta riƙe kafaɗarta, sai Rabi ta yi dariya, irin wadda rabona da ji tun muna ƙauye. Na ce wa abokina taimaka wa Malama take yi da ƙananan. Na shanye shayina har ƙasa.

Da ta dawo na ce ta ajiye yunifom. Na ce garin ba lafiya, ana ta jita-jitar za a shigo makarantu, ta zauna gida har mu koma ƙauye ta ci gaba a can. Ni da ita da Innarku duk mun san ba za a koma ba. Innarku ta yi mini magana sau ɗaya, ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah, ɗiyar ga ta fara gani." Na ce na gama magana. Rabi ta wanke yunifom ɗin, ta goge, ta sa a ƙasan akwati. Wannan ita ce jita-jitar da kuka gada kuke faɗa wa baƙi.

Sauran kun sani, ko kuna tsammanin kun sani. Ta koyi ɗinki, ta fi kowa a layin, ba ta rubuta awon kowa, a ka take riƙewa. Ta auri wanda ta zaɓa, suka zauna a Zurmi. Lambobin wayarku duka a kanta suke, saƙo kuma da murya take aiko muku, ku ce Rabi ba ta son wahalar dannawa. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Tana gaishe ni a durƙushe, tana aiko mini da man shanu. Amma tun ranar jaridar ƙosai ba ta ƙara zama a tabarma ɗaya da ni ba in akwai takarda a kusa.

Bayan rasuwar Innarku, na yi ritaya, gida ya yi mini faɗi. Wata safiya na tsallaka titin nan, wanda bai fi taku ashirin ba, na kuma yi shekara tara ban tsallaka shi ba. Malama Luba na nan, ta yi 'ya'ya, darbejiyar ta ƙara inuwa. Na ce na zo a koya mini. Ta ba ni yara biyar, ta ce sharaɗi biyu ne: in bar jan biro a gida, kuma kada in taɓa faɗin kalma kafin yaro ya gwada. Na biyun ya fi wuya. Shirun da ke tsakanin yaro da harafi dogo ne, kuma duk rayuwata ni ke cike shi. Na koyi in riƙe bakina in kalli idon yaro, in ga takarda yake kallo ko ni. Yara da dama sun bi ta hannuna tun daga lokacin, wasu sun kama da wuri, wasu sai da damina biyu ta wuce. Iyaye na yi mini godiya, ina karɓa, don ƙin karɓa sai ya jawo bayani. Sau ɗaya na tambayi Malama abin da ya ba Rabi dariya a safiyar nan. Ta tuna. Ta ce ranar ce ta fara haɗa haruffa da kanta, ba wanda ya faɗa mata, ta karanta kalmar gero. Kalma ɗaya. Washegari ba ta zo ba.

Da sallar da ta wuce Rabi ta zo daga Zurmi, bayan an yi kwanaki ana jiran hanya ta yi kyau. Ta zo da ɗiyarta Ummi, mai sunan Innarku, 'yar shekara shida. Bayan la'asar ina zaure sai ga ta ta turo yarinyar ciki, ita ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ce malaman Ummi na yabonta, wai ta fi kowa a aji, komai aka faɗa sau ɗaya ta riƙe. Ta faɗi haka ba alamar murna.

"Baba, ka duba min ita. Ita kaɗai. Kuma da abin da ba ta taɓa ji ba."

Na ɗauko ƙaramin allo na rubuta layi biyu. Ummi ta ɗora yatsa, ta ɗago ido ta kalli bakina. Na san kallon. Na ce a raina ko zuwa magariba ne zan jira. Da ta gaji ta mayar da ido kan allon, ta gane harafi uku, ta rasa na huɗu. Na ce mata ta yi ƙoƙari, gobe za mu nemo na huɗun a cikin rairayi. Sannan na yi abin da ya kamata in yi shekara goma sha uku da suka wuce. Ban iya kallon ƙofa ba, amma na ce:

"Rabi, tabarmar da faɗi. Ki shigo ke ma."

"A'a, Baba. Ni tawa ta wuce. Ina jin ku daga nan."

Ta zauna a dokin ƙofa, ta baya, inda ta saba ji tun tana goye. Ta bar mini Ummi har ƙarshen hutu, ita ma ta ƙara kwana shida kafin ta koma, kuma kowace la'asar nan take zama da ɗinkinta a cinya.

Ina roƙonku abu biyu. Ku daina ba da waccan amsar, in an tambaya ku ce ubanta ne. Kuma kada wani cikinku ya karanta mata wannan rubutun. Sau ɗaya za ta ji ta haddace, ta ɗauke shi har kabari kamar yadda ta ɗauki maganar keji, kuma na ɗora wa kunnen yarinyar nan kaya ya isa. In da rabon ta san abin da ke ciki, to da idonta, ko da harafi ɗaya ne a rana.

A kwana shidan nan na riƙa yin haruffan manya manya, fiye da yadda Ummi ke bukata, ina kuma jingine allon a jikin bango yana fuskantar ƙofa. Ban sani ba ko ta duba. Na dai lura akwai lokutan da almakashinta kan yi shiru, amma ban ɗaga kai ba.